Neman tsohon rubutu a soshiyal midiya da kwanan wata: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Musu ne ya kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i, kan wata magana da aka ce wani ɗan siyasa ya rubuta gabanin zaɓen 2023. Ɓangare guda na rantsuwa ya rubuta, ɗayan na cewa ƙage ne. Sai wani ƙanenmu ya zaro waya, ya shiga shafin mutumin a X (wadda a da ake kira Twitter), ya kama ja da babban yatsa. Yana ja, yana ja, har mai shayi ya fara haɗa kofunansa bai wuce 'yan watanni baya ba, ga data na zurarewa. Da ya gaji sai ya ajiye wayar ya ce, "Yaya, ya goge ne kawai." Na karɓa na rubuta layi ɗaya a akwatin bincike, rubutun ya fito. Ba a goge komai ba. Abin dariyar ma shi ne duk ɓangarorin biyu ba wanda ya tuna maganar yadda take.

Tun daga ranar nake lura da yadda mutane ke neman tsohon rubutu, kuma na ga yawancin wahalar daga wuri ɗaya take tasowa. Ranaku uku ne ake cakuɗawa ana ɗauka rana ɗaya ce: akwai ranar da ke cikin kanka, akwai ranar da na'ura ke ganewa, sannan akwai ranar da ke manne a jikin rubutun. Sau da yawa ukun nan ba sa haɗuwa.

Ja da yatsa har ka kai shekarar da kake so

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ya fi kowanne cin data. A X ma ba ya kai mutum ko'ina, domin an daɗe da sanin shafin mutum ba ya nuna fiye da rubutu kusan 3,200 na baya-bayan nan. Wanda ke wallafa abu ashirin a rana, kafin wata shida ya cika wannan adadin. Sauran suna nan, amma sai ta akwatin bincike ake isa gare su. Ga irin layin da ake rubutawa:

from:bbchausa since:2023-02-25 until:2023-02-28

Kalmar farko tana nufin daga shafin wane, ta biyu daga wace rana, ta uku zuwa wace rana. In kana da wata kalma da kake zaton tana cikin rubutun, sai ka ƙara ta a gaba ko a baya. Wanda ba ya son haddace waɗannan, akwai shafin Advanced search a X idan an buɗe ta burauza, inda ake cike gurabe kamar fom, ita kuma ta haɗa maka layin. Tun 2023 dai sai ka shiga da asusunka kafin binciken ya yi aiki.

A Facebook, idan ka shiga shafin mutum ko naka, a saman jerin rubuce-rubuce akwai maɓallin Filters, wanda ke ba ka damar zaɓar shekara, daga nan wata, daga nan rana. Mutane da yawa sun shekara goma a Facebook ba su taɓa danna shi ba. In abin da kake nema naka ne, ko tsokaci ne da ka yi a ƙarƙashin rubutun wani, Activity log ya fi, don shi ma ana tace shi da kwanan wata. A WhatsApp kuwa, buɗe hirar, danna sunan mutumin ko na zauren a sama, zaɓi bincike, za ka ga 'yar alamar kalanda. Ka danna ranar, ta kai ka can kai tsaye. Masu Android sun samu wannan a farkon 2024, masu iPhone sun riga su. Telegram ta daɗe da irin wannan kalandar. Sunayen maɓallan na ba da su ne yadda suke a wayar da aka saita da Turanci. Wanda wayarsa ke Faransanci, kamar yawancin 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram, zai same su a wurare guda da wasu sunayen.

Rubuta kwanan wata yadda ka saba rubutawa a takarda

Mu a Najeriya da Nijar rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa wata suke farawa. Akwatin binciken X da na Google kuwa shekara suke so a gaba, sai wata, sai rana, da karan ɗori a tsakani, kuma da sifili a gaban lambar da ba ta kai goma ba. Ɗauki 05/06/2021. A wurinmu 5 ga Yuni ce, ranar da aka fara toshe Twitter a Najeriya. A wurin Ba'amurke 6 ga Mayu ce, wata guda kafin nan, lokacin da ba a ma fara zancen ba. Idan ka rubuta 2021-06-05 babu mai ruɗewa.

Sai wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane rai ba su san dalili ba: tazara. Tsakanin since da ruwa biyun da ke bin ta da lambar shekarar, bai kamata a bar fili ba. Madannan waya kuwa suna da karambanin sa tazara da kansu bayan ruwa biyu, ko su gyara maka kalma zuwa wata daban. Da zarar tazarar ta shiga, na'urar ta daina ɗaukar since a matsayin umarni, ta koma neman rubutun da ke ɗauke da kalmar, sai ka ga tarkacen Turanci da ba ruwanka da su. Kafin ka zargi manhaja, sake duba layin harafi bayan harafi.

Kuskuren da ya fi waɗannan wayo shi ne na until. Ranar da ka sa a gabanta ba ta shiga cikin lissafi; a bakin ƙofarta binciken ke tsayawa. Wato wanda ke neman abin da aka rubuta ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu 2023, ya rubuta ranar 25 a duka wuraren biyu, zai tashi a tutar babu. Abin da ya kamata shi ne since:2023-02-25 until:2023-02-26. Na ga mutumin da ya yi irin wannan kuskuren ya yanke hukuncin wai wata jarida ba ta wallafa komai ba ranar zaɓe. Jarida, ranar zaɓe!

Akwai kuma batun agogo, wanda duk mai sauraren rediyo ya riga ya sani ba tare da ya sani ba. Mun tashi muna jin "ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar". To binciken X da agogon GMT yake ƙirga rana. Ranarsa tana farawa ne da ƙarfe ɗaya na dare a Kano da Yamai da Injamena da Garwa, ƙarfe biyu a Khartum, ƙarfe uku a Makka. Mutanen Kumasi da Accra dai ba su da wannan matsalar, don agogonsu shi ne GMT ɗin. Abin da aka wallafa a Katsina da ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren Alhamis wayewar Juma'a, a wurinka Juma'a ce, a wurin na'ura har yanzu Alhamis ce. Kamar ƙaramin abu ne, amma manyan labaranmu suna da ɗabi'ar faruwa da tsakar dare. Sanarwar sojojin da suka kifar da gwamnatin Bazoum cikin dare ta zo a talabijin ranar 26 ga Yuli 2023, kuma rabin surutun da ya biyo baya ya tsallaka zuwa 27. Ɗage zaɓen 2019 cikin talatainin dare aka sanar da shi, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna. Maganin mai sauƙi ne: ƙara kwana ɗaya a gaba, kwana ɗaya a baya, ko da kana da yaƙinin ranar.

Kuma bayan duk wannan, sakamakon da X ke fara nuna maka na ƙarƙashin Top ne, wato waɗanda ta ga sun fi jan hankali. Rubutun ɗan ƙaramin shafi mai mabiya ɗari biyu ba zai leƙo nan ba. Koma Latest.

Yarda da ƙwaƙwalwarka

A nan ne nake ganin mu Hausawa muke da namu salon kuskuren. Ba mu cika tuna abu da "14 ga Mayu" ba. Da azumi muke tunawa, ko bayan Sallah, ko lokacin Mauludi, ko da alhazai suka dawo, ko da damina ta faɗi. Damina ba ta da matsala sosai, tana nan kusan inda take kowace shekara. Azumi ne ke tafiya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka Ƙaramar Sallah da aka yi a tsakiyar Yuli a 2015 ta dawo ƙarshen Mayu a 2020, ta kai 10 ga Afrilu a 2024. Mutumin da ke neman abin da aka rubuta "da azumin shekara bakwai da suka wuce", ya je ya zaɓi watan da aka yi azumin bana, ya kauce da fiye da wata biyu. Kafin ka taɓa akwatin bincike, fara gano ko wane watan Turawa azumin waccan shekarar ya faɗa. Ka kuma bar wa kanka sarari, domin ganin wata kan bambanta da kwana guda tsakanin Najeriya da Nijar da Saudiyya.

Zaɓe ma haka yake yaudarar mutane, saboda ranar da aka yi ta shela wata da watanni ita ke zama a kai, ba ranar da aka kaɗa ƙuri'a ba. A 2015 an tsara 14 ga Fabrairu, aka yi 28 ga Maris. A 2019 an tsara 16 ga Fabrairu, aka yi 23. Zaɓen gwamnoni na 2023 an sa shi 11 ga Maris, aka kai shi 18. Canjin kuɗi ya fi su rikitarwa: an sanar a Oktoba 2022, sababbin takardun suka fito tsakiyar Disamba, wa'adin farko ya kasance 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, wahalar layin banki kuma ta wuce nan. Wanda ya ce maka "lokacin canjin kuɗi ne" ya ba ka kusan wata biyar ke nan.

Shi ya sa ban fara bincike da rana guda. Da faɗi nake farawa, wata uku ko ma shekara, tare da kalma ɗaya mai ƙarfi. In sakamako ya yi yawa, sai in raba lokacin biyu in duba kowane rabi, in sake rabawa, har in matse shi. Wanda ya fara da ƙunci ya rasa, ba zai san ko ranar ce ba daidai ba ko kalmar.

Wata dabara da ke taimakawa: nemi abin da ka tabbata ya faru kusa da lokacin, wanda yake da rana sananniya. "Ai satin da aka sauke Sarki Sanusi ne" ya ba ka 9 ga Maris 2020. "Ranar da Facebook da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya" ya ba ka 4 ga Oktoba 2021. "Da aka cire tallafin mai" ya ba ka 29 ga Mayu 2023. Hotunan da ke wayarka ma shaida ne. In ka tuna ranar ka je wani biki, hoton bikin yana ɗauke da kwanan wata.

Kwanan wata daidai, kalma ba daidai ba

Wannan ba kuskuren kwanan wata ba ne kai tsaye, amma shi ke sa mutane su yi ta canza ranaku a banza. Na'ura harafi take nema, ba ma'ana ba, mu kuma kowa da yadda yake rubuta Hausarsa a waya. Kalmar zaɓe kaɗai, wani zai rubuta zabe, wani za6e, wani zab'e. Ƙasa tana zuwa a kasa, qasa, k'asa. Matasa na rubuta xan a maimakon zan, wlh a maimakon wallahi. Gidajen jarida kan yi amfani da haruffa masu lanƙwasa, jama'ar gari galibi ba sa yi. Sunaye ma haka: Damagaram da Zinder gari ɗaya ne, sunan shugaban mulkin sojan Nijar wasu Tiani suke rubutawa wasu Tchiani, Sallah wani da h wani babu.

A X ana haɗa su a layi ɗaya da kalmar OR, da manyan baƙaƙe, kamar haka: zaɓe OR zabe OR za6e. In jimla ce ka tuna daidai, sa ta cikin alamar zance don a nemo ta a jere. Amma kada ka sa doguwar jimla, domin ƙwaƙwalwa kan gyara magana. Kalma biyu ko uku da ka tabbata sun isa. Kuma kada ka matsa sai an tace maka sakamako da harshe. Na'urorin nan ba su iya gane Hausa sosai ba, sukan jefa rubutunmu cikin wasu harsunan, tacewar sai ta zubar da abin da kake nema.

Babbar matsalar ita ce yawancin abin da ke yawo a tsakaninmu ba rubutu ba ne. Saƙon murya ne, ko bidiyon malami, ko hoton takardar sanarwa, ko rubutun da aka ɗora a kan hoto. Kada ka dogara da akwatin bincike ya ji abin da aka faɗa a bidiyo ko ya karanta abin da ke cikin hoto. A irin wannan hali, bar kalma gaba ɗaya, riƙe shafi da lokaci kawai, sannan ka duba sashen hotuna da bidiyo. A X, ƙara filter:media a layinka yana yin wannan. A WhatsApp, kalandar nan ita ce hanya mafi sauri zuwa saƙon murya, don ba shi da kalmar da za a nema.

Zaton duk manhajojin hali ɗaya ne da su

Wanda ya koyi since da until sai ya kwashe su ya kai Facebook, ya ga ba su yi komai ba. Ba yarenta ba ne. A babban binciken Facebook, bayan ka rubuta kalma ka zaɓi Posts, tacewar kwanan wata shekara kawai take ba ka, babu wata babu rana. A da akwai hanyoyin da suka fi haka zurfi, amma kamfanin ya rufe Graph Search a 2019, ya kuma rufe CrowdTangle, wadda 'yan jarida ke dogaro da ita, a Agusta 2024. Don haka in ka ci karo da tsohon bayani da ke koyar da su, kada ka ɓata lokacinka. Abin da ya rage shi ne ka rage faɗin wurin: maimakon binciken Facebook gaba ɗaya, shiga shafin ko zauren da kake zaton a nan aka wallafa, ka yi binciken a cikinsa. Masu Facebook Lite kuma, idan ba su ga wani maɓalli ba, su gwada ta burauza ko babbar manhajar.

Instagram ba ta ba ka hanyar neman rubutun wani da kwanan wata; naka kawai za ka iya tacewa a Your activity, tsofaffin labaranka na awa 24 kuma suna Archive. TikTok tana da tacewa ta lokaci, amma ba ta wuce wata shida baya, bayan nan sai dai "kowane lokaci". Ga waɗannan biyun sai a zagaya ta Google, wanda tun 2019 yake karɓar before da after:

site:tiktok.com kalmarka after:2023-01-01 before:2023-04-01

Kalmomin nan biyu suna aiki a akwatin binciken YouTube ma. Sai dai a riƙe cewa Google ba ya ganin duk abin da ke cikin waɗannan manhajojin, kuma ranar da yake liƙa wa shafi kintace ne, wani lokaci ranar da ya ci karo da shi ce ba ranar da aka wallafa ba. Ka ɗauke shi ɗan jagora. In ya kai ka ƙofar gidan, shiga ka duba ranar da idonka.

Ɗaukar ranar da ke jikin rubutu a matsayin ranar da abin ya faru

Nan ne kuskure ke tashi daga ɓata lokaci ya koma ɓata suna, wani lokaci ma tayar da fitina. Saƙon da aka turo maka a WhatsApp ranar da aka turo shi yake nunawa, ba ranar da aka fara rubuta shi ba. Sanarwar ɓatan yaro, ko neman jini a asibiti, ko gargaɗin kada a bi wata hanya, suna iya shekara uku suna zagayawa, kowane zagaye da sabuwar rana. Alamar da ke nuna an turo saƙo daga wani wuri, da ta kibiya biyu da ke cewa an tura shi sau da yawa, su ne kawai gargaɗin da manhajar ke ba ka. Haka sunan da hoto ke ɗauka a wayar Android, irin IMG-20230225-WA0012: lambobin tsakiyar ranar da ya shigo wayarka ce. Bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikin hoto, na ranar ɗauka da irin waya, WhatsApp da Facebook suna share su idan an tura hoton ta hanyar da aka saba. Sai in an turo shi a matsayin fayil ne suke tsira.

Sikirinshot ya fi komai yaudara. Facebook ba ta rubuta shekara a kan rubutun da aka yi cikin shekarar da ake ciki, sai ta ce "12 ga Yuni" kawai, ko "awa 3 da suka wuce". Wanda ya ɗauki hoton a 2019 ya turo maka yau, za ka karanta shi kamar na bana. Lokacin da ke jiki kuma na agogon wayar mai ɗaukar hoton ne, don haka hoton da ɗan'uwa ya ɗauka a Jidda da wanda aka ɗauka a Zariya na iya nuna ranaku biyu a kan rubutu ɗaya. Ban da cewa ƙirƙirar sikirinshot na ƙarya ba ya cin minti biyar. In abin na da muhimmanci, nemi a ba ka linkin rubutun.

Ko ka isa ga rubutun na asali, saura tambaya ɗaya: haka yake tun ranar? A Facebook mutum na iya komawa rubutunsa na shekara biyar baya ya canza shi gaba ɗaya, kwanan watan bai motsa ba. Da haka ake ƙera "hasashe": a koma wani tsohon rubutu a mayar da shi wane ne zai ci zaɓe, ko wace ƙungiya za ta ɗauki kofi, sannan a fito ana cewa ai na faɗa tun tuni. Danna ɗigo ukun da ke saman rubutun. In an taɓa gyara shi za ka ga View edit history, can za ka ga abin da yake cewa da farko da ranar da aka canza. Facebook tana kuma barin mutum ya mayar da ranar rubutunsa baya, inda takan sa 'yar alamar agogo kusa da kwanan watan. A X gyara ya fi wuya, masu biyan kuɗi ne kawai ke iya yi, kuma cikin awa ɗaya da wallafawa, shi ya sa kwanan watanta ya fi zama hujja. Shafin Facebook da ke iƙirarin na wata hukuma ne ko wani babba, duba Page transparency, za ka ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa. Akan samu shafin da jiya na barkwanci ne, yau ya zama na labarai.

Ga hoto kuwa, tambayar ba yaushe wannan mutumin ya wallafa ba ce, yaushe hoton ya fara bayyana. Google Lens na nuna wuraren da ya taɓa fitowa, TinEye kuma tana barin ka jera sakamako daga mafi tsufa. Bidiyo sai a tsayar da shi a wani wuri mai kyau, a ɗauki hotonsa, a nema da shi. Duk lokacin ambaliya ko gobarar kasuwa wannan ɗan aikin na da amfani, don tsofaffin hotuna kan taso tare da sababbi. Abin da za ka samu shi ne rana mafi tsufa da na'urar ta sani. Hoton na iya girme ta, amma ba zai zama ƙaninta ba.

"Ban gani ba, ashe ƙarya ne"

Ƙanen namu da ya ce an goge ya yi gaggawa, amma wanda zai ce ba a taɓa rubutawa ba ya fi shi gaggawa. Rubutu na ɓacewa daga bincike ta hanyoyi da yawa. Mai shi ya goge, ko ya kulle shafinsa, ko ya mayar da tsofaffin rubuce-rubucensa na abokai kaɗai, ko an dakatar da asusun. Ko kuma ya canza sunan shafi: from da sunan yanzu take aiki, har a kan abin da aka rubuta da tsohon suna, don haka in ka sa sunan da ka sani shekara huɗu baya za ka samu wayam. 'Yan siyasa da suka sauya jam'iyya ko muƙami sun ƙware a wannan.

Wani lokaci kuma giɓin na tarihi ne. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 Twitter a toshe take a Najeriya. Mutane da yawa sun ci gaba da shiga ta VPN, amma shafukan gwamnatin tarayya sun yi shiru, wasu suka koma wata manhajar Indiya mai suna Koo, wadda ita ma ta rufe a Yuli 2024. Sanarwar gwamnati ta wancan tsakanin, a Facebook ko a jaridu za ka neme ta. Haka mutanen Zamfara suka ɗauke daga intanet a Satumba 2021 da aka katse layukan waya a jihar; ƙarancin rubutu daga can a lokacin ba ya nufin babu abin da ya faru.

In kana da linkin rubutun da aka goge, gwada shi a Wayback Machine ta Internet Archive, wadda ke adana kwafin shafukan intanet tun 1996. Za ta nuna maka kalanda da ranakun da ta ɗauki kwafi. Nan ma kada a ruɗe: ranar ɗaukar kwafi ce, ba ranar wallafawa ba. Ta fi dacewa da shafukan jaridu da tsofaffin rubuce-rubucen Twitter. Abin da ke bayan ƙofar shiga, kamar yawancin Facebook, ba kasafai take samunsa ba.

WhatsApp daban take, kuma nan ne na fi ganin ɓacin rai, musamman wurin 'yan kasuwa. Wata gwaggona mai sayar da atamfa ta taɓa kawo mini waya in nemo mata farashin da suka yi da wani dila watanni takwas baya. Kalandar ta ƙi wuce watan da ta sayi wayar. "Ɗana, ai lambar ba ta canza ba," in ji ta. Lamba ba ta canza ba, amma saƙonnin WhatsApp a cikin waya suke zaune, kamfanin ba ya riƙe su bayan ya isar. In ba a kunna ajiya a Google Drive ko iCloud ba kafin a canza waya, sun tafi da tsohuwar. Haka in an kunna saƙonni masu ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, ko kuma zauren da ka shiga daga baya kana neman abin da aka tattauna bara. Abin da ya cece mu shi ne hira tana da kai biyu: kwafinta na nan a wayar dilan, kuma da aka je aka yi masa magana cikin mutunci ya buɗe kalandarsa, saƙon muryar ya fito.

Tun daga nan na koya mata ta riƙa fitar da hirar da ta shafi kuɗi lokaci-lokaci, ta maɓallin Export chat, ta tura wa kanta a imel. Fayil ne na rubutu zalla, kowane layi da ranarsa da lokacinsa, yana ɗaukar saƙonni har 40,000 in babu hotuna. Da muka buɗe na farko sai na ga layin sama ya fara da 3/11, alhali a watan Maris aka yi cinikin. Wayar an saita ta da Turancin Amurka tun daga shago, wata take fara rubutawa. Sai da na shiga saitin harshe na mayar da ita Turancin Najeriya, na sake fitar da fayil ɗin, kafin ranakun suka dawo yadda gwaggo ke karanta su.